Daga Fagen Kaka Zuwa Gidan Kallo: Tarihin Kokawar Biya-Ka-Kalla a Idon Mutanen Jimeta

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a unguwar Ajiya ta cikin Jimeta tsakanin shekarun 1980 da na 1990 zai iya tuna wani baƙin allo da akan jingine a ƙofar gidan kallo bayan sallar la'asar, an rubuta masa da alli sunayen fina-finan da za a nuna a wannan dare. Sau da yawa, a ƙarƙashin fim ɗin Indiya da na Canis, akan ƙara kalma guda ɗaya, wato reslin. Wannan kalma kaɗai ta isa ta sa yaro ya hana cikinsa kuɗin tara domin ya sami na shiga. Mu da muka zauna a kan waɗancan bencina, muka sha hayaƙin janareta, muka yi gardama har muryoyinmu suka dushe a kan ko jinin da muka gani na gaske ne, ba mu san cewa muna bakin ƙarshe ne na wata doguwar sarƙar ciniki da ta faro daga Amurka ba.

A cikin wannan maƙala za mu bi sawun kokawar da ake biyan kuɗi kafin a kalla, tun daga fagen gargajiya har zuwa akwatin talabijin. Za mu duba yadda ta samo asali, da yadda ta iso gaɓar kogin Binuwai, da kuma ma'aunin da ake auna kyawunta da shi. Abin da ya sa muka ga dacewar yin haka shi ne, irin kuɗin da suka sauya kamannin kokawar Turawa yanzu sun fara ƙwanƙwasa ƙofar kokawarmu da dambenmu, kuma ya kyautu mu san abin da muke shirin sayarwa tun kafin a yi mana tayi.

Kokawa Kafin Kuɗin Ƙofa

Kokawa tana cikin daɗaɗɗun wasannin ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Lokacinta shi ne kaka, bayan an yi girbi an kai hatsi rumbu, jiki ya huta, ciki ya cika. Samarin wani gari sukan ɗauki makaɗansu su nufi wani gari, a sauke su a ba su tuwo da fura, da yamma ko a farin wata a share fage jama'a ta kewaye shi. Ɗan kokawa yakan fito da warki ko bante, damatsansa cike da kambuna da layu, ya yi wa kansa kirari, ya zaga fage, sannan ya miƙa hannu ga wanda yake so su kara. Dokar wasan ba ta da tsawo. Wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa, ko ta hanyar taɗiya, ko harɗiya, ko sunkuta, shi ya yi kaye, magana ta ƙare.

Abin lura a nan shi ne yadda kuɗi ke shiga wannan fage. Babu ƙofa, balle mai tsaron ƙofa. Sai an yi kaye, kowa ya gani da idonsa, sannan hannuwa ke shiga aljihu. Wani ya liƙa kuɗi, wani ya ba da goro, mai hali ya tuɓe riga ya jefa, makaɗi ma ya sami rabonsa. Wato ke nan kuɗi bin kaye suke yi a baya, kuma gwargwadon kyawun wasa gwargwadon abin da za a samu. Wanda ya zo ya yi ta noƙe-noƙe har gari ya waye, haka zai koma gida hannu rabbana.

Ƙasar Adamawa ba baƙuwar irin waɗannan wasanni ba ce. Modibbo Adama ya kafa Yola a shekarar 1841, Jimeta kuwa ta bunƙasa a bakin kogi ta dalilin ciniki da jiragen ruwa, musamman bayan da Turawan Ingila suka ci Yola da yaƙi a shekarar 1901, zamanin Lamiɗo Zubairu. Hausawa fatake da mahauta da 'yan ci-rani sun zo da kokawarsu da dambensu, suka tarar da Fulani da sharonsu, inda saurayi ke tsayawa a zuba masa bulala ba tare da ya motsa fuska ba. Suka kuma tarar da mutanen Bwatiye, wato Bacama da Bata na yankin Numan da Demsa, waɗanda kokawa ke cikin jininsu, kamar yadda ake gani a bikinsu na shekara-shekara na Vunon da ake yi a Farai. Dukkan waɗannan wasanni sun yi tarayya a abu guda: ba wanda ya san yadda za ta kaya sai an gama.

Wuri Dubu Biyu a Kano

Ɗaya daga cikin tsofaffin rubutattun labarai da muke da su na biyan kuɗi tun kafin a ga wasa a ƙasar Hausa ya fito ne daga alƙalamin wani Bature ɗan yawon buɗe ido, Kyaftin Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a watan Janairu na shekarar 1824. Ya sha jin labarin 'yan damben Hausa, sai ya aiki baransa da tayin kuɗin wuri 2,000 domin a zo a yi masa wasa a masaukinsa. Da gari ya waye 'yan dambe suka iso da makaɗansu, mahautan gari na biye. Sai dai tun kafin a fara, baƙon ya kafa sharaɗi cewa kada a yi faɗa na haƙiƙa, domin an gaya masa akan rasa rai a irin wannan karo. Abokin tafiyarsa kuwa, Manjo Denham, ya ba da labarin kokawar da ya gani a Kukawa ta ƙasar Barno, inda manya ke fito da ƙarfafan bayinsu su kara a gabansu.

Ko da yake dambe Clapperton ya saya, darasin ya shafi kokawa kai tsaye. Niyyarsa ta tausayi ce, ba mu musa ba. Amma ranar da aka biya kuɗi tun kafin a ɗaura zare a hannu, ranar ce mai kuɗi ya sami bakin faɗin yadda wasa zai gudana. Wannan ƙa'ida ita ce za mu sake cin karo da ita bayan shekara 160 a wata nahiya.

Yadda Turawa Suka Mayar da Kokawa Haja

Kokawar Turawa ta neman kuɗi ta taso ne daga wasannin baje koli da na 'yan yawon nishaɗantarwa a Amurka da Turai a ƙarni na 19. Da tafiya ta yi tafiya, masu shirya wasa suka lura cewa kokawa ta gaskiya tana iya ɗaukar sa'o'i mutum biyu na riƙe da juna a ƙasa, 'yan kallo na hamma. Sai suka fara tsara wasan tun daga ɗaki: wa zai yi nasara, a minti na nawa, da wane salo. Aka raba 'yan wasa gida biyu, nagari da mugu, kamar dai yadda tatsuniya ke raba Gizo da abokan hamayyarsa, aka kuma ɗora musu alkawarin ɓoye sirri ko da a gaban iyalinsu.

Mataki na biyu shi ne sayar da kallo ga wanda ba ya cikin zauren wasa. Da farko akan haska wasan kai tsaye a manyan majigai a wasu garuruwa, mutane su sayi tikiti su shiga. Haka aka yi da wasan Starrcade a watan Nuwamba na 1983, haka kuma akasarin mutane suka kalli WrestleMania ta farko, wadda kamfanin WWF na Vince McMahon ya shirya a zauren Madison Square Garden na birnin Niyok ranar 31 ga Maris, 1985. Daga nan aka koma ga tsarin da muka kira biya-ka-kalla, inda magidanci zai sanar da kamfanin da ke ba shi tashoshin talabijin ta waya cewa yana son wasan dare kaza, a buɗe masa, a ƙara kuɗin a kan lissafinsa na wata, kamfanin talabijin da mai shirya wasa su raba. Da wannan dabara, zauren da ke ɗaukar mutum dubu ashirin ya zama yana da ƙofa a cikin ɗakunan dubban ɗaruruwan mutane.

A watan Fabrairu na 1989 sirri ya fito fili. Kamfanin WWF da bakinsa ya shaida wa majalisar dattawan jihar Niyu Jasi cewa abin da yake yi nishaɗi ne kawai, ba gasa ba ce ta gaskiya. Ya yi haka ne domin ya kuɓuta daga dokoki da kuɗaɗen hukumar kula da wasannin motsa jiki. Abin mamaki, ciniki bai faɗi ba. Mu kuwa a Jimeta labarin bai iso mana ba, muka ci gaba da rantse-rantse a kan benci har wasu shekaru.

Yadda Ta Iso Gaɓar Binuwai

Nijeriya ta san kokawar Turawa tun kafin zamanin biya-ka-kalla, kuma babban wanda ya buɗe wannan ƙofa shi ne Michael Okpala, wanda aka fi sani da Power Mike. An haife shi a garin Neni na ƙasar Ibo a shekarar 1939, ya kuma yi zama a Kano yana saurayi, inda ya fara wasannin nuna ƙarfi da suka fito da sunansa. Ya kayar da Ali Baba ɗan ƙasar Labanan a shekarar 1973, ya ajiye wasa a 1976, sannan ya koma shirya wasanni yana kawo 'yan kokawar ƙetare Nijeriya. Ya rasu a shekarar 2004. Bayansa aka yi irin su Power Uti.

A daidai wannan lokaci ne talabijin ke yaɗuwa. An ƙirƙiro jihar Gongola a 1976 aka mayar da Yola hedikwatarta, aka kuma kafa hukumar talabijin ta ƙasa, NTA, a 1977. Ta akwatin talabijin ne yaran wancan zamani suka san Mil Mascaras, mutumin Meziko mai rufe fuska, wanda ma'anar sunansa ita ce marufin fuska dubu, da Mighty Igor mai ƙirar samudawa da halin yara, da Bulldog Brower mai zare ido. Gidan da ke da talabijin a unguwa yakan cika har tagogi, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, sai ka ji salati ya tashi daga farkon layi zuwa ƙarshensa.

Da na'urar bidiyo ta shigo, sai gidajen kallo suka ɓullo a Ajiya da Limawa da Luggere da Rumde da sauran unguwannin Jimeta. Wasan da Ba'amurke ya biya daloli ya kalla kai tsaye, mu sai bayan watanni yake iso mana a kaset, an kwafa daga kwafe, ya biyo ta kasuwannin Legas ko Anaca ko Kano, launinsa ya koɗe, hoton yana rawa. Duk da haka mu ma biya-ka-kalla muke yi, domin sai mun ajiye 'yan kwabbanmu a hannun mai tsaron ƙofa kafin a ɗaga mana labule, kuma idan kaset ya cije ba a mayar da kuɗi. Ta haka muka san Hulk Hogan da Ultimate Warrior da Undertaker. Ta haka kuma, da rani, rairayin bakin kogi ya zama fagenmu, yara na dirowa a kan juna suna kwaikwayon abin da ƙwararru suka shekara suna koyo. Masu ɗori na wancan zamani sun fi kowa sanin sakamakon.

Akwai wani abu da sai da muka girma ya dame mu. Cikin waɗanda muke kallo akwai wani ƙato da ake kira Kamala, wanda ake cewa daga dajin Uganda aka kamo shi, ba ya jin magana, an zane masa fuska da ciki, yana tafe ba takalmi. Muka yi ta tafa masa a matsayin ɗan'uwanmu ɗan Afirka. Ashe sunansa James Harris, haifaffen jihar Misisifi ta Amurka, wanda ya rasu a shekarar 2020. Hoton da aka zana na baƙar fatar Afirka a matsayin dodo, shi muka biya kuɗinmu muka kalla muna murna.

Ma'aunin Kyawun Wasa

To, idan an riga an san wanda zai yi nasara, da me ake gane wasa mai kyau? Masana wannan fanni sukan kafa hujja da daren 29 ga Maris, 1987, lokacin da aka yi WrestleMania ta uku a filin Silverdome na jihar Mishigan, inda kamfanin ya ce mutum 93,173 suka halarta, adadin da wasu suka yi jayayya a kansa. Wasan da ya tara jama'a shi ne na Hulk Hogan da André, basamuden nan ɗan Faransa. André ya riga ya gaji, bayansa na ciwo, wasan ya tafi a hankali na kimanin minti 12, kuma abin da ake tunawa da shi bai wuce lokacin da Hogan ya ɗaga shi ya maka da ƙasa ba. Amma a wannan dare aka yi wani wasa na ƙasa da minti 15 tsakanin Randy Savage da Ricky Steamboat, wanda suka tsara shi daki-daki tun kafin ranar, suka yi ta kai juna bakin kaye ana kuɓucewa, har 'yan kallo suka kasa zama. Na farko shi ya sayar da tikiti, na biyu shi masu koyon sana'ar suke nazari har yau.

Daga nan za mu fahimci cewa ma'aunin kokawar Turawa ma'aunin wasan kwaikwayo ne. Ana duba yadda labari ya ginu daga farko zuwa ƙarshe, da yadda wanda aka buga ya nuna zafin bugun, da yadda aka ja zaren zuciyar mai kallo, da kuma yadda kowane ɗan wasa ya kare lafiyar abokinsa alhali yana nuna kamar zai hallaka shi. Wani marubuci mai suna Dave Meltzer ya shahara tun shekarun 1980 da ba wasanni maki na taurari, har zuwa biyar, har a watan Janairu na 2017 ya ƙetare iyakarsa ya ba wasan Kazuchika Okada da Kenny Omega da aka yi a Tokiyo taurari shida.

Sai dai tsarin biya kafin gani yana da illa a cikin ƙashinsa. Tunda kuɗi sun riga sun shiga aljihu kafin a buga ƙararrawa, talla ta fi wasa muhimmanci. Kamfanin WCW ya shafe fiye da shekara guda yana kwaɗaita wa jama'a karon Hogan da Sting. Da aka zo ranar 28 ga Disamba, 1997, kamfanin ya yi cinikin da bai taɓa yin irinsa ba, amma wasan ya ƙare a cikin ruɗani, alƙali ya ƙirga kaye aka ce bai ƙirgu ba, aka sake. Waɗanda suka biya suka tashi da takaici. Ba wannan kaɗai ya kashe kamfanin ba, amma yana cikin abubuwan da suka zubar masa da amana, kuma a watan Maris na 2001 abokin hamayyarsa ya saye shi. Haka kuma, tun daga 1995 da aka koma shirya irin waɗannan wasanni kusan kowane wata, armashinsu ya ragu, dole aka riƙa ƙara haɗari domin a riƙe mai saye. A watan Yuni na 1998 aka jefo Mick Foley daga saman keji mai tsawon kimanin ƙafa 16. Ranar 23 ga Mayu, 1999, a birnin Kansas, Owen Hart ya faɗo daga rufin zaure sa'ad da ake sauko da shi da igiya, ya mutu yana da shekara 34, aka kuma ci gaba da wasa a wannan dare. Kaye na ƙarya ne, amma ƙashin da ke karyewa na gaske ne.

A shekarar 2014 kamfanin, wanda ya koma WWE tun 2002, ya buɗe tasharsa ta intanet a kan dala 9.99 a wata, abin da ya raunana tsohon tsarin sayen dare guda. A 2017 tashar SuperSport ta sami izinin nuna wasanninsa a Afirka, sannan a watan Janairu na 2025 shirin Raw ya koma Netflix. Kafin nan, ƙwallon ƙafar Turai ta daɗe da ƙwace allon gidajen kallon Jimeta. 'Yan asalin Afirka kuma sun sami shiga: Kofi Kingston haifaffen Gana ya ci babban kambun kamfanin a 2019, ga Omos haifaffen Legas, ga Apollo Crews ɗan asalin Tibi na ƙasar Binuwai, wanda ya ci kambu a 2021 a wani wasa da aka laƙaba wa suna faɗan gangunan Nijeriya, alhali ba mu san wata ƙabila a ƙasar nan mai irin wannan faɗa ba.

Darasi Daga Nijar

Akwai wata hanya da maƙwabtanmu suka bi. A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, Jamhuriyar Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa a garin Tawa, inda Yakubu Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokawa na farko. Kyautar da ake nema ita ce takobi, tare da kuɗi da sauran kyaututtuka. Gasar tana zagaya jihohi, kowace jiha cikin takwas na kawo 'yan kokawa goma, wato 80 ke nan a fage guda. Rediyo da talabijin na ƙasa suna watsa ta kai tsaye, manomi a ƙauye da minista a Yamai suna saurare lokaci guda. An karrama mazan jiya ta hanyar sa wa filaye sunayensu: filin Kantu a Maraɗi, na Salma Ɗan Rani a Doso, na Langa-Langa a Damagaram. A zamaninmu kuma an yi Kadiri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ɗan jihar Doso, wanda ya ɗauki takobi karo na shida a Agadas a ƙarshen shekarar 2023.

Wasan ƙarshe na takobi yana iya ƙarewa cikin ƙiftawar ido, yana kuma iya jan lokaci mutum biyu na zagaya juna ba wanda ya yarda ya ba da ƙafa. A ma'aunin Meltzer irin wannan wasa ba zai sami tauraro ko ɗaya ba. Amma ƙasa guda takan tsaya cik dominsa, saboda kowa ya yarda cewa ba a rubuta ƙarshensa a ɗaki ba. Nijar ta nuna cewa kokawar gargajiya tana iya shiga talabijin, ta sami alƙalai da agogo da dokoki, ba tare da ta bar makaɗanta da kirarinta da layunta ba. Duk da haka, ko a can, da kyaututtuka suka yi tsoka, ƙorafin sayar da kaye ya sha tasowa a bakin 'yan kallo, kuma wannan ƙorafi shi ne abin da ya fi kowane abu barazana ga darajar takobin.

A wajenmu Nijeriya, kokawa da dambe da langa sun sami gurbi a gasar wasanni ta ƙasa, ana kuma yin su a bukukuwa irin na kamun kifi na Argungu. Dambe ya riga kokawa shiga kasuwa. Gidajen dambe na Kano da na Dei-Dei a Abuja sun daɗe da kafa ƙofa da tikiti, kuma a 'yan shekarun nan kamfanoni sun fara ɗaukar hotonsa suna watsa wa duniya ta intanet. Wannan ci gaba ne, domin ɗan wasan da ya ba da ƙuruciyarsa da lafiyarsa ya cancanci ya ci guminsa. Amma masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da mai saye na nesa ya ce wasan ya yi gajarta, ko jinin ya yi kaɗan, ko gwarzon da ya fi kawo ciniki bai kamata ya faɗi ba, wa zai ce masa a'a?

Kammalawa

Mun ga yadda kuɗi suka sauya mazauni a tarihin kokawa. A fagen kaka suna zuwa bayan kaye, a matsayin tukuici. A masaukin Clapperton da gidajen kallonmu sun zo kafin wasa, a matsayin farashi. A tsarin biya-ka-kalla kuwa sun zo daga mutanen da ɗan wasa bai taɓa ganin fuskarsu ba. Mun kuma ga cewa kowace kokawa da ma'auninta. Ba ma raina ta Turawa, domin sana'a ce mai wuya wadda ta sa mu dariya da ihu a shekarun ƙuruciya, kuma masu yinta sun daina ɓoye cewa wasan kwaikwayo ce. Tamu kuwa jarinta guda ɗaya ne, wato gaskiyar kaye. Idan aka sayar da wannan jari, ba mu da fitilu da na'urorin da za mu rufe giɓin da su, kuma ɗan kallon da ya taɓa zargin an cuce shi ba ya saurin dawowa.

Saboda haka muna kira ga hukumomin wasanni da masarautun Adamawa da su dubi fagen kokawa da idon rahama, a kafa gasa mai ɗorewa wadda za ta haɗa Bacama da Bata da Hausawa da sauran ƙabilun jihar, da alƙalai amintattu, da kulawar likita, da kaso bayyananne ga ɗan wasa da makaɗinsa. Ga ɗalibanmu na sashen Hausa kuwa akwai aiki a gaba. Sunayen 'yan kokawar Amurka na shekarun 1980 suna nan a rubuce, da ranar kowane wasa da tsawon mintocinsa, shi ya sa muka iya kawo su a nan. Gwarazan da suka yi kaye a fagagen Jimeta da Numan da Demsa kuwa, tarihinsu yana cikin ƙirazan dattawan da ke zaune a gindin bishiyoyin unguwanninmu. Ya kamata a je da alƙalami da rikoda a same su tun suna raye, a rubuta kirarinsu da sunayen makaɗansu da garuruwan da suka je wasa, domin na baya su san cewa kafin allon gidan kallo an yi maza a wannan gaɓa.